Waƙar Zuwan Annasara da Waɗanda Suka Wuce Burmi

Gabatarwa

A hutun da ya wuce, da na koma gida Tambuwal, na tarar da baƙi a zauren maƙwabcinmu. Mutanen wani ƙauye ne na ƙasar Kebbe waɗanda 'yan bindiga suka tasa. Cikin 'yan kayan da wani dattijo daga cikinsu ya iya fitowa da su, ban da tabarma da buta, har da wata tsohuwar gafaka wadda fatarta ta yi baƙi don tsufa. Da muka saba, sai ya kwance mini ita, sai ga takardun ajami, waƙoƙin wa'azi ne da na madahu waɗanda kakansa ya kwafa da hannunsa. Ya bar rumbu biyu na gero a baya, ya ɗauko wannan.

Tun daga ranar nan hankalina ya koma kan wata waƙa da muka nazarta a aji, watau Waƙar Zuwan Annasara, wadda ake danganta wa Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu. Manufar wannan ɗan sharhi ita ce in nuna cewa mun fahimci waƙar nan rabi da rabi. Muna karanta ta kamar labarin ya ƙare a Burmi, alhali kuwa waɗanda suka amsa kiranta sun wuce Burmi, sun kafa garuruwa, jikokinsu kuma suna nan da harshenmu a bakinsu. Zan jawo misalin wata al'umma ta Turai, watau mutanen Latbiya, domin a ga abin da wasu suka yi da adabinsu sa'ad da yaƙi ya fitar da su daga gida.

Asalin waƙar

Ran 15 ga Maris, 1903, rundunar Turawan Ingila ta yi karo da ta Sakkwato a Giginya. Kafin rana ta yi tsaka an gama. Daga nan manyan daula suka kasu gida biyu. Waziri Buhari ya koma birni ya sadu da Turawa, daga baya kuma ya rubuta risala da Larabci yana bayyana wa malamai dalilinsa, cewa ya ji tsoron kada jama'a ta watse, addini ya rasa mai tsaronsa a ƙasar. Shi kuwa Sarkin Musulmi Attahiru sai ya fuskanci gabas. Duk garin da ya ratsa, manoma da malamai da fatake suna barin gidajensu suna binsa, har abin ya tsorata Turawa. Suka bi sawunsa har Burmi, kusa da kogin Gongola, inda aka gwabza ran 27 ga Yuli, 1903. Nan Attahiru ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutanensa.

Ya kamata mai karatu ya tuna cewa hijira ba baƙon abu ba ce ga mutanen wannan daula. Da ita aka fara, sa'ad da Shehu Usmanu ya tashi daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804, kuma Shehu ya rubuta littafi sukutum a kan wajabcinta. Bugu da ƙari, an daɗe ana riƙe da zancen cewa a ƙarshen zamani jama'ar Shehu za ta tashi ta yi gabas, wajen kogin Nilu, ta sadu da Mahadi. Saboda haka da Attahiru ya ce a tashi, ya taɓa wata jijiya ce wadda take kwance a zuciyar kowa shekara ɗari.

Jigo da ƙarfin waƙar

Jigon waƙar shi ne hijira: barin ƙasar da Annasara suka ci, da nufar Makka da Madina, da dogara ga Allah a kan abin da za a tarar a hanya. Idan aka ajiye ta kusa da risalar Waziri, za a ga ashe muhawara guda ce ta kasu biyu. Waziri ya rubuta da Larabci, ga malamai, da hujjojin fiƙihu. Waƙar kuwa da Hausa take, watau an yi ta ne domin kunnen talaka, a rera ta a zaure da bakin kasuwa, wanda bai iya karatu ba ya hardace ta ya kai ta gaba. Wannan zaɓen harshe shi ne babbar dabarar waƙar. Mai son ya rinjayi alƙalai sai ya yi risala, mai son ya tayar da gari kuwa sai ya yi waƙa.

To, amma a nan ne kuma iyakarta take. Waƙa ce ta bakin ƙofa, ta mutumin da ya ɗaure kaya yana kiran 'yan'uwansa su fito. Ba aikinta ba ne ta gaya mana yadda aka ƙetare Wadai da Darfur, ko wa aka binne a hanya, ko da wane harshe aka yi wa ɗan da aka haifa a bakin Nilu tawai. Wannan ba aibi ba ne ga mawaƙin, domin ajali bai bar shi ya ga ƙarshen tafiyar ba. Laifin yana wuyanmu, mu manazarta, da muka ɗauki waƙar tashi muka mayar da ita ita ce dukan labarin.

Dubi yadda muke sarrafa ta a takardun jarrabawa. Mukan jefa ta cikin rukunin waƙoƙin adawa da mulkin mallaka, mu yaba wa jaruntar Attahiru, mu ambaci Burmi, mu rufe littafi. In an lura, wannan karatu ne irin na jikokin waɗanda suka zauna. Mu da muke Tambuwal da Yabo da Gwandu da Kebbe, yawancinmu hanyar Waziri kakanninmu suka bi, suka zauna suka yi haƙuri da Nasara. Ba abin kunya ba ne. Amma ya sa mun mayar da waƙar abin ado, muna jin daɗin zafinta ba tare da mun tambayi inda ta kai waɗanda suka gaskata ta ba.

Waɗanda suka wuce

Bayan Burmi, ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ja ragowar jama'a suka ci gaba da tafiya gabas. Bayan shekaru na wahala suka sauka a Sudan, a bakin Shuɗin Nilu, watau reshen kogin da ya gangaro daga Habasha. Wajen 1906 suka kafa gari kudu da Sinnar, wanda har yau ake kira da sunansa, Mai Wurno. Wasu kuma, kamar Alfa Hashimu, sai da suka dangana da Madina. Garin Mai Wurno ya haɗa masu Fillanci da masu Hausa, ya kuma zama zango ga mahajjatan da suke ta kwararowa a ƙasa daga Kano da Sakkwato da Barno. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe gonakin auduga na Jazira, sai ƙwadago ya tsayar da dubban mutanenmu a can. Haka unguwannin Hausawa suka yaɗu a Wad Madani da Gadarif da Kasala da Damazin. Mutanen ƙasar suna kiransu Fallata ko Takari.

Masana sun yi rubutu a kansu. Wani Bature, Mark Duffield, ya fitar da littafi a kan tattalin arzikin garin Mai Wurno a 1981. Bawa Yamba ya rubuta nasa a 1995, inda ya nuna cewa akwai Hausawan da aka haifi kakanninsu a Sudan, amma har lokacin bincikensa suna ɗaukar kansu alhazai ne da ke kan hanya. Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Kartum ya yi littafi a 1986 a kan Fillancin Sudan, da wani a 1999 a kan Hausar Sudan da yadda Larabci yake shigarta. Duk waɗannan ayyuka ne masu daraja, sai dai na masana tattalin arziki ne da zaman jama'a da kimiyyar harshe. Ina namu na adabi? Shekara uku ke nan ina karatun Hausa, ba a taɓa miƙo mini baiti ɗaya na wani mawaƙin Sudan in yi masa sharhi ba, ko tatsuniya ɗaya daga bakin wata tsohuwa ta Gadarif. Mun shata wa adabin Hausa iyaka daidai inda Turawa suka shata wa Nijeriya, da ƙyar ma muke leƙa Maraɗi da Damagaram.

Abin da Latbiyawa suka yi

Domin a ga girman wannan giɓi, bari mu dubi wata jama'a da yaƙi ya kora shekara arba'in bayan Burmi. Latbiya ƙaramar ƙasa ce a bakin tekun Baltik, arewacin Turai, mutanenta kimanin miliyan biyu. Tarayyar Sobiyet ta mamaye ta a 1940, Jamus ta ƙwace a 1941, sa'an nan Sobiyet ta dawo a 1944. Da jin dawowar nan, jama'a suka yi ta gudu, wasu cikin jiragen masunta zuwa Suwidin, mafi yawa zuwa Jamus. Da yaƙi ya ƙare a 1945, fiye da mutum 100,000 daga cikinsu suna zaune a sansanonin 'yan gudun hijira a yammacin Jamus.

Abin mamaki shi ne abin da suka yi cikin sansanonin nan, suna cin abincin agaji. Sun buɗe makarantu da harshensu, sun buga jaridu da littattafai. Tare da maƙwabtansu na Estoniya da Lituweniya sun kafa jami'a a Hambug a 1946, wadda ta yi aiki har 1949. Suna da al'adar babban bikin waƙa, inda dubban mutane suke rerawa da murya ɗaya, wanda aka fara a birnin Riga tun 1873, sai suka raya shi a garin Esslingen a 1947. Da aka rarraba su zuwa Amurka da Kanada da Ostareliya da Ingila, suka tafi da abinsu. A 1949 suka fara jaridar Laiks a Niyok, a 1953 aka yi bikin waƙar a Shikago da Toronto, suka kuma tsare makarantun ƙarshen mako inda yara suke koyon harshen iyaye.

Abin da ya fi shafarmu, mu ɗaliban adabi, shi ne waƙoƙinsu na baka da suke kira daina, gajeru ne, galibi layi huɗu. Wani malami, Krisjanis Barons, ya tattara su ya buga tsakanin 1894 da 1915, matani 217,996. Da aka yi gudun hijira, sai 'yan gudun hijirar suka sake buga waƙoƙin cikin mujalladi 12 a babban birnin Denmak, tsakanin 1952 da 1956, domin gidan da ke Toronto ya mallake su kamar gidan da ke Riga. Wata yarinya da ta fita ƙasar tana shekara bakwai, Vaira Vike-Freiberga, ta zauna a sansani a Jamus, ta girma a Maroko da Kanada, ta zama farfesa mai nazarin waɗannan waƙoƙi. Latbiya ta sami 'yancinta a 1991, a 1999 kuma aka zaɓe ta shugabar ƙasa, ta yi mulki har 2007. Watau 'yar da aka goya aka gudu da ita, waƙar kakanninta ce ta riƙe mata hanyar gida.

Kada a yi mini mummunar fahimta

Ba ina cewa Latbiyawa sun fi mutanen Mai Wurno kishin kansu ba ne. Akwai bambanci guda uku da adalci ya wajabta a faɗa. Na farko, Latbiyawa sun fita da maɗaba'a da malaman jami'a da marubuta, kusan kowa cikinsu ya iya karatu, sa'an nan an riga an tattara musu adabinsu na baka kafin yaƙi. Namu sun fita da allo da tawada da abin da ke cikin ka. Na biyu, Latbiyawa sun fita ne suna waiwaye, burinsu su koma, saboda haka harshe shi ne tutarsu. Namu sun fita ne don tsare addini, fuskarsu tana kallon alƙibla, ƙasar da suka sauka kuma harshenta Larabci ne, harshen da tun a gida suke girmamawa. Mutumin da ɗansa ya tashi da Larabci a bakinsa ba lalle ne ya ga ya yi asara ba. Na uku, su ma Latbiyawan ba su tsira duka ba, domin jikoki da yawa a Amurka suna zuwa bikin waƙa da tufafin gargajiya, amma da Turanci suke hira.

In an auna da wannan ma'auni, abin yabo ne cewa Hausa ta rayu a bakin Nilu fiye da shekara 100 ba makarantar gwamnati, ba jarida, ba maɗaba'a. Abin da ya riƙe ta shi ne zaman unguwa ɗaya, da auren juna, da makarantar allo, da ayarin mahajjata da ke kawo sabuwar Hausa kowace shekara kafin jirgin sama ya kashe tafiyar ƙasa, daga baya kuma rediyo da finafinan Kano. Duk inda mata suke daka, suna raino, suna kai amarya da Hausa, to, akwai waƙa a wurin. Duk inda malami yake fassara wa almajirai da Hausa, to, akwai ajami. Darasin Latbiya guda ne: abin da ke baka yana tafiya da mai shi, abin da aka tattara aka buga kuwa yana jiran jika ko da harshe ya yi masa nauyi.

Shaidar Alhaji Umaru

Wani zai ce, wa ya tabbatar maka akwai adabin kirki a zango? Amsar tana ƙasar Gana. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano wajen 1858, asalin gidansu kuwa Kabi ne, nan maƙwabtanmu, ya zauna a Salaga ta ƙasar Gwanja, kasuwar goro. Yaƙin basasa na 1892 ya watsa garin, Hausawan zango suka bazu, shi kuma ya koma Kete-Krachi, inda ya rasu a 1934. A can, nesa da ƙasar Hausa, ya yi Waƙar Talauci da Wadata, ya yi tasa waƙar a kan zuwan Nasara, ya kuma rubuta labaran ƙasashen Hausa da al'adunsu da ajami. Ba wanda zai yi tarihin rubutaccen adabinmu ya tsallake shi.

To, ta yaya muka same shi? Wani jami'in Jamus, Adam Mischlich, ya karɓi rubuce-rubucensa ya kai Turai. Jami'ar Gana ta bi gidajen malamai a shekarun 1960 tana ɗaukar hoton takardu. Wani masani ɗan Folan, Stanislaw Pilaszewicz, ya tace su ya buga. Tsohon garin Kete-Krachi kuwa, ruwan tafkin Bolta ya shanye shi bayan gina madatsar Akosombo. Da an jira mu, da wataƙila sai dai mu ji sunansa a bakin tsofaffi. Idan zangon goro ya haifi Alhaji Umaru, mene ne zai hana garin da malaman Sakkwato suka kafa da hannunsu ya haifi irinsa?

Lokaci ba ya jira

Wannan magana ba ta nishaɗi ba ce. A watan Yuli na 2022 rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin a kan ƙasa da sarauta, ya sake tashi a Oktoba. Ɗaruruwa suka mutu, dubbai suka bar gidajensu, aka kuma sake jefa wa Hausawa tsohuwar kalmar nan ta cewa su baƙi ne, bayan an binne kakannin kakanninsu a ƙasar. Ran 15 ga Afrilu, 2023, yaƙi ya tashi tsakanin sojan Sudan da dakarun RSF. Wad Madani ta faɗi a Disamba 2023, sai a Janairu 2025 soja suka karɓe ta. Sinja, babban birnin jihar Sinnar, ta faɗi a ƙarshen Yuni 2024, aka ƙwato ta a Nuwamba. Garin Mai Wurno yana tsakanin Sinnar da Sinja ne. Watau jikokin waɗanda suka tsira daga Burmi sun sake ɗaure kaya, kuma ba kowane dattijo ne yake samun sukunin ɗaukar gafakarsa ba.

Kammalawa

A taƙaice, ra'ayina shi ne Waƙar Zuwan Annasara buɗe labari ta yi, kuma ba za a ce an nazarce ta ba sai an bi ta har inda ta sauke mutanenta. Ina roƙon malamanmu su riƙa koyar da ita tare da risalar Waziri Buhari da waƙar Alhaji Umaru, domin ɗalibi ya ji muryar wanda ya tashi, da ta wanda ya zauna, da ta wanda yake kallo daga zango. Ina kuma kira ga 'yan'uwana masu neman batun kundin digiri, maimakon a yi ta maimaita mawaƙa biyar ɗin da kowa ya sani, a nemi Hausawan Sudan. Ba sai an je Sinnar ba. Akwai waɗanda yaƙi ya dawo da su Nijeriya, akwai ɗalibanmu da suka yi karatu a Kartum suka zauna da su, ga kuma waya a aljihun kowa. A naɗi waƙoƙin daka da na aure da tatsuniyoyi, a ɗauki hoton takardun ajami da izinin masu su, a ajiye a ɗakin karatu.

Ita kuma wannan ƙungiya tamu, sai ta fara daga ƙofar gida. Baƙin da ke zaurukanmu a Tambuwal da Kebbe su ma 'yan gudun hijira ne, kowane ƙauye da ya watse kuma ya watse ne da kirarinsa da waƙoƙin nomansa da sunayen fadamunsa. Dattijon nan ya yarda in kwafi takardunsa in na koma hutu mai zuwa, ina neman mutum biyu masu iya karatun ajami su raka ni. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya, ya jiƙan waɗanda suka kwanta a Burmi da waɗanda suka kwanta a hanya, amin.